Bajo mai fitila don masu jawabi: in karɓi aikin ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a Gusau, ina ɗan taɓa haɗa na'urori. Wasu matasa da ke shirya taron tsaron intanet ta Zoom sun ga wani bajo da na haɗa, mai ƙananan fitilu da ke walƙiya idan mutum yana magana. Suna son guda 30 su raba wa masu jawabi kyauta, amma sun ce sai bayan taro za su biya, in masu ɗaukar nauyi sun saki kuɗi. Jarina bai wuce na shago ba. In karɓa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Aikin ka karɓa, sharaɗin biyan ne ban yarda da shi ba. Kaya ne da za a buga wa sunan taro da shekara, in suka fasa ba ka da wanda zai saya, ko a rabin kuɗi. Tela ma ba ya yanka shaddar aljihunsa don ɗinkin da ba a ba shi kafin alƙalami ba. Ka ce su biya kuɗin kayan aiki gaba ɗaya tun farko, ladan hannunka kuma rabi yanzu, rabi ranar da za ka miƙa kaya, ba bayan taro ba. A rubuta, kowa ya sa hannu. Idan masu ɗaukar nauyi ba su saki ko sisi ba har yanzu, to ba a kanka ya kamata a gwada alƙawarinsu ba.

Kusan duk abin da ke cikin bajon daga Sin yake zuwa, ko ka saye shi a Alaba ta Legas, ko a Kano, ko ka yi oda kai tsaye. Tun da aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar Naira a watan Yunin 2023 farashin irin waɗannan kaya ba ya zama wuri ɗaya, don haka ka rubuta a takardar cewa farashinka na mako biyu ne kawai. Ka sayi kayan guda 35, domin dole wasu su ƙone a wajen lika dalma. Kuɗin mota, da na man janareta, da kwanakin da shago zai yi ba ka gyara waya, duk ka saka su a lissafi. Na ƙarshen nan shi masu sana'ar hannu suka fi mantawa.

Yanzu ga abin da na fi so ka kula da shi. Mutanen da za a ba kyautar nan sana'arsu zargi ce. Ka aika wa masanin tsaron intanet na'ura mai makirufo ka ce ya maƙala a ƙirji a cikin ɗakinsa, abin da zai fara yi shi ne ya kwance ta ya ga ko tana naɗar magana. Saboda haka wajen zaɓar ƙaramar ƙwaƙwalwar da za ta sarrafa bajon ka guji ESP32, tunda tana da Wi-Fi da Bluetooth. Arduino Nano ko ATtiny85 da ƙaramin makirufo mai ɗauke da MAX4466 (abin ƙara ƙarfin sauti) sun isa, ga sauƙin kuɗi, kuma ba su da hanyar aika komai waje ta iska. Ka saka 'yar takarda a kwalin da ke bayyana haka, da zanen yadda ka haɗa. A wajen waɗannan mutane wannan takardar ma kyauta ce. Babban taronsu na DEF CON a Las Vegas ta Amurka tun 2006 ya fara raba bajo mai lantarki, kuma kwance shi da yi masa kwaskwarima na cikin abin da suke jin daɗi.

Ka kuma tuna ta kyamara za a ga bajon. Fitilar WS2812B guda ɗaya tana jan har miliyamfa 60 idan an ƙure ta a fari, guda 12 ke nan 720, batiri mai miliyamfa-awa 1000 da kyar zai wuce awa ɗaya, sannan hasken zai dushe fuskar mai magana. Ka rage hasken sosai, ka rufe fitilun da farar roba mai ɗan kauri, ka gwada da kyamarar kwamfuta a ɗakin da fanka ke kaɗawa, don ka tabbata ƙarar fanka ba ta kunna shi. Bayan bajon kuwa, ka ba dukawa su ɗinka masa jan fata. Shenzhen, birnin kayan lantarki na Sin, ta fi ka arhar fitila, amma ba ta da wannan.

Saura aikawa. Tunda taron na intanet ne, masu jawabin a warwatse suke, wani a Abuja, wani wataƙila a ƙasar waje. Batirin lithiyam yana da dokoki masu tsauri a jirgin sama, kamfanonin aika saƙo na iya ƙin karɓa. Ka yi bajon da kafar USB mai jan wuta kawai, mai jawabi ya jona a kwamfutarsa tunda a gabanta zai zauna, ka huta da batiri ɗungurungum. Rabawa kuma aikin masu taro ne: kai ka miƙa musu guda 30 a wuri ɗaya, su sa hannu sun karɓa.

Kafin ka sayi komai, ka haɗa guda ɗaya, su biya kuɗinsa, su gani ta Zoom su ce sun amince. Ka nemi izinin buga sunan shagonka da lambarka a bayansa, domin a kowane watan Oktoba ake yawaita tarukan wayar da kai kan tsaron intanet, kuma cikin mutum 30 ɗin nan akwai masu shirya nasu.