Tambaya da Amsa: Aikin sa kai cikin 'yan Roma, a rubuta ko a ɓoye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Mu 'yan Kano ne, aikin maigidana ya kawo mu Sheffield a Ingila. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, likitanci take so. Ta daɗe duk Asabar tana zuwa unguwar Page Hall, tana taya yaran 'yan Roma karatun Turanci da aikin gida, ko kwabo ba a biyanta. Da aka zo cike takardar neman jami'a sai wata ƙawata ta ce kada ta kuskura ta ambaci wannan, wai sunan mutanen nan ya ɓaci, abin zai shafe ta. Ya kika gani? Daga Maman Yarinya, Sheffield.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ta rubuta, kada ta ɓoye komai.

Bari in fara da masu karatu da ba su san su ba. 'Yan Roma ba mutanen birnin Rum ba ne, ba kuma dukkansu ne 'yan Romaniya ba. Asalinsu arewacin Indiya, kakanninsu sun baro can kimanin shekara dubu da suka wuce, harshensu ma ɗan'uwan Hindi ne. Ana ƙiyasta sun kai miliyan 10 zuwa 12 a Turai. A yankin da ake kira Romaniya a yau an bautar da su har zuwa 1856, sannan 'yan Nazi sun kashe dubban ɗaruruwansu a yaƙin duniya na biyu. Na Page Hall yawanci daga Slobakiya suka zo, bayan ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004.

Ƙawarki ba daga sama ta tsinto maganar ba, ƙyamar tana nan a titi da bakin maƙwabta. Amma mai duba takarda a jami'a ba maƙwabci ba ne. Ya san cewa dokar daidaito ta 2010 a Birtaniya ta hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, kuma makarantun likitanci da kansu suke neman ɗalibin da ya taɓa hidima wa mutanen da ba irinsa ba.

Inda nake jin tsoro daban ne: yadda za ta rubuta. Na ga takardun yara da yawa, kuma wadda ta fi kashe min jiki ita ce mai cewa "na je na ga talauci, zuciyata ta karye, na gane cewa ni mai sa'a ce". Wannan ba ta ce komai a kan yaran ba, ba ta kuma ce komai a kan likitanci ba. Ki tuna yadda ranmu yake ɓaci idan baƙo ya zo Kano ya yi mako guda, ya ɗauki hoton almajirai da roba a hannu, ya koma gida yana ba da labarin yadda ya cece su. To, kada 'yarki ta yi wa 'yan Roma haka.

Ki zaunar da ita ki tambaye ta abu ɗaya da ta gani da idonta. A ce akwai yaro ɗan shekara tara da ya zo da wasiƙar asibiti a aljihu, ta lanƙwashe, ranar ganin likitan ta riga ta wuce, domin a gidan babu mai karanta Turanci. A gida harshen Romani suke yi, uwar tana jin Slobak, yaron ne tafintan gida. Idan 'yarki ta rubuta cewa a nan ta fahimci ba sakaci ne kaɗai ke hana mara lafiya zuwa asibiti ba, ta kuma faɗi abin da ta yi a kai, to ta gama. Idan ta ƙara da cewa ta karanta hukuncin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai na 2007, wanda ya sami Jamhuriyar Czech da laifin tura yaran Roma makarantun masu naƙasar ƙwaƙwalwa, sai a san ta bi sawun dalilin da ya sa wasu iyayen ke ɗari-ɗari da hukuma. Sunan yaro kuwa da hotonsa, kada su shiga.

Sai dai kada aikin ya cinye takardar. Bayanin kai da ake rubutawa a UCAS, wato hukumar da ake neman jami'o'in Birtaniya ta hannunta, haruffa 4,000 ne kacal, kuma jami'o'in Ingila sun fi damuwa da darasin da za a karanta. Ba zai cike gurbin sakamakon jarrabawa ko makin UCAT, gwajin da masu neman likitanci ke zaunawa, ba, wannan ki faɗa mata ƙarara. Amfaninsa ya fi fitowa a zaman ganawa, inda za a titsiye ta da tambaya, wanda ya je sau biyu don a gan shi kuwa nan take yake tonuwa. Idan tana hangen Amurka, can sun fi ba irin wannan muhimmanci: Common App, takardar neman jami'o'i da yawa a can, yana da gurbin ayyuka 10 da maƙala mai kalmomi 650.

Masu neman likitanci 15 ga Oktoba ake rufe musu ƙofa, tun kafin sauran. Tun yanzu ta roƙi mai kula da wurin ta rubuto mata 'yar takarda mai nuna lokacin da ta fara da abin da take yi, ta kai wa malamin da zai rubuta mata shaida. Ki gaishe min da ita.