Wani ya ce zai cika mini mabiya 1,000 da awa 4,000 a tashata ta gem, in biya shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina muna da shirin fodkas a kan wasannin gem, muna ɗora shi a YouTube duk daren Juma'a. Yawanci eFootball da PUBG Mobile muke tattaunawa, wani lokaci Free Fire, kuma da Hausa zalla. Ina kuma ɗan rubutu a shafina a kan tsarin jera 'yan wasa da sabbin sauye-sauyen da kamfanonin ke kawowa. Mun kusa shekara, amma mabiyanmu 300 ne da 'yan kai. Kuɗin data ya ci mu, abokina ya fara karaya. Wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce in ba shi naira dubu 40 zai cika mana mabiya da awannin kallo cikin mako biyu a fara biyanmu, sai dai ya ce dole in ba shi imel ɗina da kalmar sirri. Na haɗa rabin kuɗin amma hankalina bai kwanta ba. Don Allah a ba ni shawara kafin in yi abin da zan yi da-na-sani.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka tura masa ko sisi, kuma kada ka ba shi kalmar sirrinka ko da kyauta ya ce zai yi. Rashin kwanciyar hankalin da kake ji yana kan hanya, ka saurare shi.

Ka riga ka san sharaɗin da YouTube ya gindaya kafin ya fara biyan mai tasha kuɗin talla, tun 2018 yake: mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. A 2023 aka ƙara zaɓin kallo miliyan 10 na gajerun bidiyoyin Shorts cikin kwana 90 a madadin awannin. Inda matsalar take shi ne fahimtar da ta zauna a kan yaranmu cewa da zarar lambobin nan sun cika, shi ke nan ƙofa ta buɗe, dala ta fara zuba. Wannan fahimtar ce jarin masu sayar da mabiya, kuma kullum sai na ci karo da wanda ta kai shi ta baro. Lambobin nan izinin cike takardar nema kawai suke ba ka. Bayan ka nema, YouTube za su zauna su duba tashar, su ga me ke cikinta, su ga daga ina masu kallon suka fito. Kuma sharaɗin ma da kansa ya ce awannin su zama ingantattu. Bidiyon da aka goge, ko aka ɓoye, ko aka mayar na sirri, awanninsa ba sa shiga lissafi.

Bari in gaya maka abin da mutumin nan zai yi da kalmar sirrinka, domin hanyar tasu kusan ɗaya ce. Zai shiga tasharka ya ɗora wasu dogayen bidiyoyi da ba naka ba, na awa uku ko biyar, ya saki kwamfutoci su yi ta kunna su dare da rana. Lamba za ta yi ta hawa, kai kuma kana murna. Ranar da za ka nemi shiga tsarin biyan kuɗi, zaɓi biyu ne a gabanka. In ka bar bidiyoyin, mai dubawa zai ga kayan wasu ne aka kwaso, ya ƙi ka. In ka goge su, awannin su bi su. Su kuma mabiyan, asusu ne na bogi waɗanda YouTube ke sharewa a kai a kai. A watan Disamba na 2018 har sanarwa suka yi cewa za su yi babbar shara, masu tashoshi suka wayi gari lambobinsu sun zube. Lokacin da naka za su zube, shi ya riga ya ci kuɗinsa, wataƙila ma ya toshe lambarka.

Kuma a ce ma sun tsira ba a share su ba, me suka tsinana maka? Buɗe YouTube Studio yanzu, wato wurin da mai tasha ke kula da tasharsa, ka shiga ɓangaren da ke nuna ƙasashen masu kallonka. Na tabbata Najeriya za ka gani a sama, sai Nijar, sai ɗan abin da ba a rasa ba daga Gana, Kamaru ko Saudiyya, wato inda Hausawa suke. Bayan aikin mutumin nan za ka ga ƙasashen da ko "sannu" ba a ji a cikinsu sun haye sama, a shirin da Hausa zalla ake yi. Injin da ke zaɓar wa mutane bidiyo yana lura da wanda ya danna da kuma minti nawa ya zauna. Ka ɗora sabon shiri, an nuna wa mutum 700 ɗin da ya ƙaro maka, da ba su taɓa jin muryarka ba kuma ba za su danna ba, me kake so injin ya fahimta? Kamar mai shayi ne ya yi hayar mutane su cika masa benci ba sa sayen komai, mai saye na gaske ya zo ya rasa wurin zama.

Hukuncin kuma rubuce yake, ba jita-jita ba ne. Ƙara kallo ko mabiya ta hanyar na'ura saɓa dokar YouTube ne, kuma yana iya kaiwa ga rufe tasha. Wanda aka rufe wa tasha ba a yarda ya buɗe wata don ya kauce wa hukuncin ba. Ta AdSense, tsarin biyan kuɗin talla na Google, ne ake biyan kuɗin, kuma asusu ɗaya ake ba mutum ɗaya. In aka rufe shi saboda kallon bogi, sunanka ne ya ɓaci a wurinsu, ba na ɗan zauren WhatsApp ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda waɗannan mutane ke kiran kansu masana, suna yaɗa hotunan allon waya a matsayin shaida. Hoton allo kowa na iya haɗa shi cikin minti biyu. Ka tambaye shi ya nuna maka tashar da ya yi wa aikin wata shida baya, wadda har yau ake biyanta kuma mutane ke magana a ƙarƙashin bidiyoyinta, ka ga yadda zance zai canza.

Sai batun kalmar sirri, wanda ya fi komai tsorata ni. Imel ɗin nan ba tashar kaɗai yake riƙe da ita ba. Hotunanka suna ciki, lambobin wayar mutanenka suna ciki, kuma akwai yiwuwar da shi ka ɗaure asusunka na gem da ka shekara kana tara 'yan wasa a ciki. Tashar Linus Tech Tips, mai mabiya sama da miliyan 15 da ma'aikata masana kwamfuta, an ƙwace ta a watan Maris na 2023. Wani ma'aikaci ne ya buɗe fayil da ya zo kamar takardar neman talla, ɓarayin suka sace shaidar shigar da ke ajiye a kwamfutarsa, suka canza wa tashar suna zuwa Tesla suna tallar damfarar kirifto. Su wayo aka yi musu, kuma girmansu ya sa aka maido musu da wuri. Kai da hannunka za ka miƙa. Duk mai taimakon gaskiya ba ya buƙatar kalmar sirri, domin a cikin Studio akwai wurin ba mutum izinin edita ko manaja ta imel ɗinsa, kuma kana iya cire shi duk lokacin da ka ga dama. Ko abokin shirin naka ma ta nan ya kamata ya riƙa shiga.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kuɗin da ake rabawa na masu talla ne, kashi 55 cikin ɗari na mai tasha a dogayen bidiyoyi. Sun biya ne don mutane masu rai su ga kayansu. Ka tara musu na'ura ka karɓi kuɗi algus ne, kuma ka san abin da Manzon Allah (SAW) ya ce a kan mai algus. Ban ga dalilin da zai sa saurayi ya fara sana'arsa a kan haka ba.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi, domin fodkas yana da wata dama da masu gajerun bidiyo ba su da ita. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In mutum 300 suka saurare ku na minti 20 duk mako, awa 100 ke nan a mako, awa 5,200 a shekara. Ka ga awannin ba su ne dutsen ba, in har waɗanda kuke da su suna zama. Don haka ka duba a wane minti mutane ke ficewa. In a mintuna biyun farko ne, ku rage doguwar gaisuwa ku shiga zance. Sauti ya fi hoto muhimmanci a shirin hira, saboda haka dubu 20 ɗin da ka haɗa ka sa ta a makirfon maƙalawa a riga guda biyu da data, ku yi ɗauka a ɗaki mai labule da katifa, ku kashe fanka. Ku riƙa yanko wurin da musu ya yi zafi, misali wa ya fi tsakanin eFootball da EA Sports FC, ku saka a Shorts da WhatsApp don jawo sababbin mabiya, amma ka sani kallon Shorts ba ya shiga awa 4,000 ɗin. Ku je gidajen gem na unguwa ku yi hira da zakarun wurin, kowannensu zai zo da jama'arsa. Rubutun shafinka kuma ka riƙa saka mahaɗin shirin a ciki, sannan ku ɗora sautin kyauta a Spotify saboda masu tsimin data.

Ku kashe waƙoƙin cikin gem kafin ku ɗauki hoton wasa, domin da yawansu mallakar mawaƙa ne, kuma rubuta cewa ba ku da niyyar satar fasaha ba ya kare kowa. Akwai kiɗan kyauta a rumbun sauti na YouTube. In kuma ka riga ka tura wa mutumin imel ɗin, ko ka danna wani mahaɗi da ya aiko, to yau ɗin nan ka canza kalmar sirri, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a riƙa neman tabbaci daga wayarka bayan kalmar sirri, ka shiga saitin asusunka na Google ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ta ba.