Tambaya da Amsa: Idan Kwalta Ta Zo Unguwa, Ina Farashin Fili Yake Dosa?

Wasiƙun wannan fitowar duk daga Gombe suka zo, kuma duk a kan hanya da fili suke. Masu amsawa ma'aikatan safiyo ne da masu kimanta kadara.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Pantami, na daɗe ina tarin kuɗin fili. Wani dillali ya nuna mini fuloti hamsin da ɗari a bayan gari, ta wajen hanyar Dukku. Ya ce gwamnati za ta shimfiɗa kwalta ta wurin, in ban saya yanzu ba, baɗi kuɗin ya ninka. Farashin ma ya riga ya fi na unguwannin kusa. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar dillalin tana da tushe, domin hanya tana ɗaga darajar fili. Duk wanda ya san Tumfure kafin a ƙirƙiri Jihar Gombe a 1996, ya kuma gan ta yau, ba ya buƙatar a faɗa masa. Sai dai tashin farashin hawa-hawa yake zuwa, kuma kowane hawa da irin kasadarsa.

Hawan farko shi ne na jita-jita: an ce, an ji, wani ya ga masu awo. A nan fili yana da araha, amma ba ka riƙe komai ba sai magana. Na biyu shi ne lokacin da aka ba da kwangila, aka kafa allo, katafila ta fara share hanya. A nan farashi ya fi yin tsalle, don kowa ya gani da idonsa. Na uku yana zuwa bayan an gama aiki, mutane sun tare, shaguna sun buɗe, Keke Napep ya fara shiga. Wannan tashin a hankali yake tafiya, amma shi ne mai ɗorewa.

Abin da ya dame mu a wasiƙarka shi ne farashin ya riga ya fi na maƙwabta alhali ko allo ba a kafa ba. Wato ana so ka biya kuɗin hawa na biyu kana tsaye a kan na farko. Ribar da ake yi maka albishir da ita, mai sayarwa ya riga ya cire rabonsa a ciki.

Sanarwa kuwa tana iya daɗewa ba ta zama aiki ba. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da sabunta layin dogo na Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa Bauchi da Gombe, amma ɓangaren da aka fara kammalawa shi ne na Fatakwal zuwa Aba, can kudu. Wanda ya zuba jarinsa a fili kusa da tasha saboda wannan sanarwar, jira ya kama shi. Ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka je Ma'aikatar Ayyuka ta jiha ka tambaya ko hanyar tana cikin kasafin bana, an ba da kwangilarta, kuma daga ina za ta tashi zuwa ina. Gwamnatin Inuwa Yahaya tana da shirin kilomita 100 na hanya a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 11, don haka hanyoyin da ake magana a kansu suna da yawa, kuma dillali na iya jingina filinsa da wadda ba ta biyo ta nan ba. Daga nan ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko lambobin kusurwa huɗu na filin, ka kai GOGIS, hukumar da ke kula da taswira da rajistar filaye ta Jihar Gombe, a duba: shin awon gwamnati ne ko awon igiya, an taɓa ba wani, ko yana cikin wurin da aka keɓe wa hanya, makaranta ko kasuwa? Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma ba ta amsa waɗannan tambayoyin.

Sannan ka yi lissafin abin da hanyar za ta sauƙaƙa wa mazaunin wurin, domin nan darajar take fitowa. A ce yau acaba daga filin zuwa bakin kwalta N500 ne, zuwa da dawowa N1,000, kwana 26 na aiki N26,000 a wata. A ce bayan an yi kwalta Keke zai ɗauke shi a N200, wato N10,400 a wata. Abin da ya rage masa N15,600 ne a wata, N187,200 a shekara. Ɗan haya ba zai ƙara maka fiye da wannan a kan kuɗin haya saboda hanya ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 wannan lissafin ya ƙara nauyi, mutane suna auna nisan gida da kuɗin mota kafin su auna faɗin tsakar gida.

Wani abu da ke ruɗin mutane shi ne faɗuwar darajar naira. Ka riƙa auna fili da buhun siminti. Misali, filin da aka saya miliyan ɗaya lokacin da buhu yake N4,000 ya yi daidai da buhu 250. In an sayar da shi miliyan biyu lokacin da buhu ya kai N10,000, buhu 200 ke nan. A baki ya ninka, a zahiri ya ragu.

In binciken ya fito da kyau kuma gini za ka yi ka zauna, ka saya, amma ka taya da farashin maƙwabta. Ka kuma tambayi zurfin ruwan wurin, don a wasu sassan yammacin Gombe rijiyar burtsatse tana nisa ƙwarai, kuma kwalta ba ta kawo ruwa ko wuta da kanta.

Tambaya: An nuna mini filaye biyu a hanyar Bauchi, kafin a kai filin jirgin sama na Lawanti. Ɗaya a bakin titi, ɗaya a layi na uku. Na bakin titin ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wanne ya fi? Ɗan kasuwa ne ni a Jekadafari.

Amsa: Alhaji, ka fara da tef ɗin awo. Hanyar Gombe zuwa Bauchi ta tarayya ce, kamar ta Biu da ta Yola, kuma hurumin hanyar tarayya mita 45.72 ne daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, wato ƙafa 150. Faɗin kwaltar hanya mai hannu biyu mita 7.3 ne, don haka daga bakin kwalta saura wajen mita 42 duk na hanya ne. Fuloti hamsin da ɗari tsawonsa mita 30 ne kacal. In daga bakin titi aka auna shi, gaba ɗayansa yana cikin hurumin, kuma ranar da za a mayar da hanyar tagwaye, mai gini a nan yana iya tashi ba sisi. Ofishin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da ke Gombe zai tabbatar maka da iyakar a daidai wurin.

Haka ma wayar wuta. Babban layi mai 330kV yana da hurumin mita 25 a kowane gefe, mai 132kV mita 15, mai 33kV da 11kV mita 5.5.

In filin ya fita daga hurumin, to ya danganta da abin da za ka yi da shi. Shago, gidan mai ko wurin ajiye kaya, gaba ya fi. Gidan iyali kuwa, layi na biyu zuwa na huɗu ya fi samun ɗan haya mai zama: tafiyar minti biyar zuwa titi, babu ƙarar tirela da dare, babu ƙura, yara ba sa fitowa kai tsaye kan mota. Kada ka ƙara kuɗi saboda sunan filin jirgi kawai. Abin da ke raya bakin hanya shi ne masu wucewa kullum suna tsayawa, irin na tasha, kasuwa, asibiti ko makaranta.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar mana gida da wani fili a gefensa. Kwanan nan aka zo aka shafa jan fenti a katangarmu, wai hanya za ta bi. Maƙwabta suna cewa za a biya mu kuɗin fili a farashin kasuwa. Haka ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Gara ki ji gaskiya tun yanzu: maganar maƙwabta ba ta yi daidai da doka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 28 ya ba shi ikon karɓar fili don amfanin jama'a, hanya kuma tana ciki. Sashe na 29 ya fayyace diyya. Gini ana biyan abin da za a kashe a sake yin irinsa, a cire tsufan da ya yi. Amfanin gona ana biyan kimarsa. Ƙasar kanta kuwa, abin da dokar ta ambata shi ne kuɗin hayar ƙasa da aka biya gwamnati a shekarar da aka karɓe ta. Shi ya sa mai fili fayau ya fi kowa cutuwa, sai in gwamnati ta ba shi wani a madadinsa, wanda ya kamata ku nema a rubuce.

Ga abin da za ki yi tun kafin ranar ƙidaya. Ki sa a ɗauki hoton komai: katanga da tsawonta, ƙofar ƙarfe, ɗakuna, irin rufi da silin, tayil, rijiya, shadda, tankin ruwa, da kowace bishiya mai 'ya'ya, mangwaro ne ko goba ko zogale. Abin da ba a rubuta a takardar ƙidaya ba, ba a biyansa. Ranar da masu kimantawa za su zo, ki kasance a wurin ko babban ɗanki, kuma kada a sa hannu sai an karanta muku abin da aka rubuta. Kuna da damar ɗaukar naku mai kimanta kadara mai rajista ya tsaya muku, amma a rubuta kasonsa tun farko.

Tunda gado ne, ki hanzarta samun takardar kotu da ta nuna magada da wakilinsu. Kuɗin diyya yakan maƙale ne idan sunan mamaci ke kan takarda, magada kuma ba su tsayar da mai karɓa ba. Kada a yi sabon gini bayan an shafa fenti don a ƙara kuɗi, yawanci ba a lissafa shi. In kuɗin da aka yanke bai gamsar da ku ba, sashe na 30 ya ce a kai ƙorafi kwamitin rabon filaye na jiha, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya tanadi biyan diyya ba da jinkiri ba da damar zuwa kotu.

Ki kuma duba abin da zai rage. In hanya ta ci gaban filin ta bar muku baya, ragowar ta zama bakin titi, kuma tana iya fin darajar dukan filin a da. Masu zuwa da tayin gaggawa sun san haka. Kada ku sayar da ragowar sai an kafa iyakar hanya, safiyo ya sake aunawa, an gyara takarda a GOGIS.

Tambaya: An gama mana kwalta, mun yi murna, amma yanzu titi ya fi gidana tudu. Da damina ruwa ta ƙofa yake shigowa, 'yan haya biyu sun tashi. Ba an ce hanya tana ƙara wa gida daraja ba?

Amsa: Malam, wannan matsalar ta yi yawa a Gombe, domin garin a gangare yake, ƙasarsa mai yashi ce a wurare da dama, ruwa kuma yana saukowa da ƙarfi. Ɗan kwangila yana ciko da burji da tsakuwa kafin ya zuba kwalta, titi ya tashi da rabin mita ko fiye. Gidan da aka gina daidai da tsohuwar ƙasa sai ya koma rami, damshi ya kama gindin bango, filasta ta fara zuba.

Ka sa a gwada tsayin tsakar gidanka da na ƙasan magudanar titi. In tsakar gidan ta fi tudu, ko da kaɗan ne, gyaran mai sauƙi ne: a ɗaga dokin ƙofa, a fitar da ruwan gida da bututu mai inci shida zuwa magudanar. In kuwa magudanar ta fi tudu, wannan bututun ruwan titi zai shigo maka da shi, don haka sai a nemi mafita ta baya ko a yi ciko a ɗaga daɓen ɗakuna. Ku haɗu da maƙwabta ku rubuta wa ma'aikatar da ta ba da aikin, da hotuna, tun ɗan kwangila bai karɓi cikon kuɗinsa ba. Galibi akwai wa'adin wata 12 bayan kammala aiki da gyaran duk wani aibu yake wuyansa.

Mai shirin gini a layin da ba a yi wa kwalta ba, ya ɗaga daɓen gidansa aƙalla layi biyu na bulo, wajen santimita 45, sama da inda titi zai tsaya in an yi shi, ya kuma nemi izinin gini a GOSUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Mai sayen fili ya bi magudanar ruwa da ƙafa har ƙarshenta. Inda kwalbati ke zubar da ruwa a fili ba tare da an yi masa hanyar kankare ba, nan kwari yake farawa, kuma filayen da ke ƙasa da wurin su ne na farko da zaizaya take ci.