Bitamin C ko bitamin E: wanne zan saya wa maigida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya haura shekara 55, kullum yana shan asfirin da likitansa ya rubuta masa saboda zuciya. Maƙwabciyata mai sayar da ƙwayoyin gyaran jiki ta ce in haɗa masa da bitamin C ko bitamin E, wai suna wanke jiki. Kuɗina ba za su kai na biyun ba. Wanne ya fi?
Wata uwargida, unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Bitamin E ɗin nan, kada ki saya masa. Yana rage daskarewar jini, asfirin ma aikinsa ke nan. In aka haɗa su, haɓo ko ƙaramin rauni sai jini ya yi ta zuba.

Babu wanda ke wanke jiki a cikinsu. Duka biyun suna tare lahanin da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin halitta ne, kamar fenti a jikin ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Bitamin C cikin ruwa yake narkewa, abin da ya yi yawa ya fita ta fitsari. Namiji miligiram 90 yake buƙata a rana, mace 75. In aka wuce 2,000 sai zawo, mai tsakuwar ƙoda kuwa ya yi hattara tun kafin nan.

Shi bitamin E cikin mai yake narkewa, taruwa yake a jiki. Miligiram 15 ya ishi babba, amma ƙwayar kanti ɗaya kan ninka haka fiye da sau goma. Wani babban bincike da aka yi kan maza fiye da 35,000, akasarinsu a Amurka, ya nuna a 2011 cewa masu shan irin wannan ƙwaya kullum sun fi kamuwa da kansar furostet (wata ƴar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da kashi 17 cikin 100.

Ni ko na C ɗin ban ga dalilin sayensa ba. A garin gyaɗa kike, Hajiya: gyaɗa da manta suna da bitamin E. Gwaba ɗaya ta isa bitamin C na wuni guda, ga lemun tsami, ga tumatir da tattasai. Sai dai wuta tana kashe shi, don haka in kin yi kwaɗon zogalen Jiratawa, ki yanka su ɗanye a kai. In har maigida ya nace sai ya sha ƙwaya, ya kai wa likitansa kwalbar ya duba tukuna.