Karyata ta fara jini tana wata bakwai, shin ta isa barbara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da karya 'yar wata bakwai, daga irin manyan karnukan nan na Jamus da 'yan sanda ke aiki da su. Yau kwana uku ke nan ina ganin ɗigon jini a inda take kwanciya, gabanta kuma ya kumbura. Wani abokina mai kare namiji ya ce in kai ta a yi barbara yanzu kada damar ta wuce ni. Shin ta isa, ko in dakata? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Ka dakata. Abokinka ya yi gaskiya a abu ɗaya, wato idan ka kai ta yanzu tana iya ɗaukar ciki, amma iya ɗaukar ciki daban, isa haihuwa kuma daban. Jinin da kake gani alama ce ta cewa ta shiga lokacin neman namiji karo na farko, wanda a yawancin karnuka yake zuwa tsakanin wata 6 da wata 15, ƙananan iri su riga, manya kuma su yi jinkiri, har wasu sai sun kusa shekara biyu. Karya irin taka a wata bakwai ba ta gama girma ba. Ƙasusuwanta suna kan tsayi, ƙugunta bai gama buɗewa ba, kuma abincin da jikinta yake buƙata don gina kansa shi ne za ta raba da 'ya'yan cikinta, waɗanda a wannan iri suna iya kaiwa takwas ko fiye.

Ba jiki kaɗai ba ne matsalar. Karyar da har yanzu take tauna takalmi tana bin wutsiyarta ba lallai ta san abin da za ta yi da 'ya'ya ba. Masu kiwo sun saba ganin irin wannan ƙaramar uwa ta ƙi yage jakar da ɗan kwikwiyo ya fito a ciki, ko ta tashi ta bar su ba ta ba su nono ba, ko ta kwanta a kansu saboda ruɗewa, sai mai ita ya koma shayar da su da kwalba dare da rana.

Shawarar da likitocin dabbobi suka fi bayarwa ita ce a bar ta ta wuce lokacin farko, galibi har da na biyu, a yi barbara sa'ad da ta kai kusan shekara biyu idan babban iri ce. Damar kuwa ba ta wucewa, domin lokacin yana dawowa kusan kowane wata shida. Ƙungiyar masu karnuka ta Ingila, Kennel Club, ba ta rajistar 'ya'yan karyar da aka yi wa barbara kafin ta cika shekara ɗaya, kuma ba ta karɓar fiye da haihuwa huɗu daga uwa guda. A ganina shekara ɗayan nan iyaka ce ta ƙasa kawai, ba lokacin da ya fi dacewa ba.

Akwai dalili na musamman da ya sa shekara biyu ta fi muhimmanci ga irin karyarka. An san wannan iri da ciwon gaɓar ƙugu da ake gada, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa, kare ya riƙa ɗingishi yana shan wuya wajen tashi tun bai tsufa ba. Da hoton ƙashi ake gane shi, kuma gidauniyar OFA ta Amurka, mai tantance lafiyar ƙashin dabbobi, ba ta ba da cikakkiyar shaidar lafiyar ƙugu sai kare ya cika wata 24. Wanda ya yi gaggawa zai iya rarraba 'ya'ya takwas ga mutane kafin ya gano cewa uwarsu tana ɗauke da ciwon. Shi ma karen abokinka ya kamata a duba shi, don uba rabin gadon yake bayarwa. A gwada jininsu duka biyu saboda cutar burusela, wadda ke sa karya ɓari kuma tana iya kama mutum, sannan a duba al'aurar namijin, domin akwai wani ƙari mai zubar jini da karnuka ke ɗauka ta hanyar barbara. Allurar rigakafin haukan kare da ta fabo (cutar da ke sa kare amai da gudawa mai jini), da maganin tsutsa, duk a kammala su kafin ciki.

Yanzu aikin da ke gabanka shi ne tsaro na mako uku zuwa huɗu. A nan mutane da yawa suke kuskure: bayan kamar kwana tara jinin yakan dusashe ya koma ruwa-ruwa mai launin kara, sai mai karya ya ɗauka an gama, ya sake ta. Alhali wannan ne lokacin da ta fi ɗaukar ciki. Za ka ga idan an taɓa bayanta tana tsayawa cik tana kawar da wutsiya gefe, karnuka kuma suna taruwa a ƙofa saboda ƙanshinta, wasu har su haura katanga. Kada ta fita sai da igiya a hannunka, kuma kada ka dogara da shinge gajere. Idan tsautsayi ya sa ka same su a manne, kada ka ja su ko ka doke su, don za ka ji musu rauni. Da kansu za su rabu, yawanci cikin rabin awa, daga nan ka kai ta wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Idan ta kai lokaci ka yanke shawarar barbara, ka sani cikin yana ɗaukar kimanin kwana 63, kuma naƙuda tana iya tsayawa har a buƙaci tiyata cikin dare. 'Ya'yan ba a raba su da uwa kafin mako takwas, kuma ya kamata ka san gidan da kowanne zai je tun kafin a haife shi. Idan kuwa ka ga ba ka da halin wannan, ka tattauna da likita kan cire mata mahaifa, wanda ke kare ta daga taruwar mugunya a mahaifar. Wannan ciwon yakan biyo bayan lokacin neman namiji da 'yan makonni, don haka ko a wannan karon, idan ka ga ta daina cin abinci, tana yawan shan ruwa, ko wani ruwa mai wari yana fita daga gabanta, ka kai ta asibitin dabbobi a ranar.