Kafin ka kunna makirufo a asibitin unguwa

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce, “Oga, an ba ni aikin haɗa gajerun labaran bidiyo da matan da ke zuwa awo da rigakafi a wani asibitin sha-ka-tafi a nan Jos. Wace kyamara zan ara, kuma da wace manhaja zan tace?” Tambayar ta sosa mini wani tsohon miki, shi ya sa na zauna na rubuta maka, ban amsa ta waya ba. Ku yaran yanzu da an ce aiki sai hankalinku ya tafi kan na'ura. Wayar da ke aljihunka ta isa wannan aikin. Abin da zai kayar da kai yana wani wuri dabam.

Ka fara sanin irin aikin da ka karɓa. Ba hira ba ce, ba kuma fim ɗin da kai za ka tsara ba. Mai labarin ce za ta zaɓi abin da za ta faɗa, ta faɗe shi da muryarta, ta zaɓi hotunan da za su raka shi, a fitar da abu na minti 2 zuwa 3. A Kalifoniya ta Amurka aka kafa wannan tsarin cikin shekarun 1990, a hannun su Joe Lambert da Dana Atchley, cibiyar da yanzu ake kira StoryCenter. A Ingila kuma shirin Patient Voices ya shigar da shi harkar asibiti tun 2003. Su can kwana 3 suke yi a jere da mutum 8 zuwa 12. Kada ka kwafi wannan. Matar da ke da goyo, ga girki, ga 'yan makaranta, ba za ta ba ka yini uku cur ba. Ka ɗauki mutum 6, in ya yi yawa 8, ka raba aikin zama 5 ko 6, kowane zama kada ya wuce awa 3. Kuma ka kauce wa safiyar ranar awo da ta rigakafi, don a ranakun nan ko wurin tsayawa ba za ka samu ba.

Yanzu ga abin da ya sa raina ya ɓaci. Shagon nan namu na haɗa bidiyo ya taɓa yin irin wannan aikin a wani ƙaramin asibiti, da mata 8, a kan tazarar haihuwa da wahalar naƙuda. Wani ɗan kwangila ne ya kawo aikin, shi ne tsakaninmu da masu ba da kuɗin. Ya biya rabi, ya ce sauran sai an gama. Wata biyu aka yi ana aiki, kuma har yau ban ga wani shago a garin nan ya fitar da sauti mai tsabta irin wancan ba. Cikin matan akwai wadda ta ba da labarin yadda ta fara allurar tazara bayan ɓari biyu a jere, ba tare da an sani a gidansu ba. Ta yarda a ɗauki muryarta bisa sharaɗi ɗaya: ma'aikatan lafiya kaɗai za a nuna wa, a ɗakin horo. Mun ɓoye fuskarta, mun canja sunanta, hannuwanta da ƙofar gida kawai aka gani.

Saura mako guda a tara matan su kalli abinsu su amince, sai mutumin ya bugo waya. Wai manyansa suna Abuja, suna son ganin inda aka kwana kafin su saki ragowar kuɗi, a turo masa ko na gwaji ne. Ya rantse ba mai gani sai su. Aka tura masa duka takwas ta WhatsApp, babu tambari a kai, babu takarda tsakaninmu da ta ce ga mai fayil ɗin, ga wanda ke da ikon sakinsa. Kuskuren kenan, guda ɗaya, kuma namu ne. Bayan kwana uku ya ɗora su a Facebook da sunan ƙungiyarsa, don ya nuna yana aiki ya nemi wata kwangilar.

Fuska a ɓoye take, amma a unguwa murya ita ce fuska. Ƙanwar mijin ce ta fara ganewa. Ta san muryar, ta san atamfar da ta ɗan fito a gefen hoto, ta san fentin ƙofar. Kafin magariba magana ta kai gida. Abin da ya biyo baya a gidan nan ba nawa ba ne in faɗa, amma matar ta daina zuwa asibitin, wasu maƙwabtanta ma suka janye, don an ce a can ana ɗaukar sirrin mutane ana sa wa a waya. Incaj ɗin, wato shugabar asibitin, mace mai kirki da ta yi shekaru tana lallashin matan nan su riƙa zuwa awo, ta rufe mana ƙofa, kuma da gaskiyarta. Ɗan kwangilar ya cire bidiyon daga Facebook bayan an matsa masa, amma an riga an sauke shi a wayoyi, magana kuwa zarar bunu ce. Ragowar kuɗin bai biya ba har yau, ya ce ai aikin bai kammala ba. Kuɗin na yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne matar nan ta ba mu amana a cikin ɗaki, da hawaye, mu kuma muka miƙa ta ga mutumin da bai taɓa zama da ita ko na minti ɗaya ba.

Saboda haka takarda biyu za ka fara rubutawa kafin ka taɓa waya. Ta farko tsakaninka da mai ba da aiki: kashi 60 na kuɗi a hannu kafin zaman farko, labari mallakar mai shi ne, kuma babu fayil da zai fita daga kwamfutarka sai mai labarin ta kalla ta ce ta yarda. In ya matsa yana son gani, ya zo shago ya kalla a gabanka, wayarsa a aljihu. In ya ƙi sa hannu a kan wannan, ka bar masa aikinsa.

Ta biyu ita ce takardar amincewa. Da Hausa za ka rubuta ta, shafi ɗaya, a karanta wa kowace mace ita kaɗai, ta sa hannu ko ta dangwala, ta tafi da kwafi. Kada ka rubuta “na yarda a yi amfani da labarina” ka tsaya. Ka rarraba mata wuraren: ita kaɗai ta riƙe abinta, ko a nuna a cikin asibitin, ko a wajen horar da ma'aikata, ko a rediyo, ko a intanet. Ta zaɓi kowanne daban. Ka faɗa mata ƙarara cewa abin da ya hau intanet ba ya dawowa. Sau uku ake neman yardar nan: kafin a fara, bayan an naɗi murya, da bayan ta kalli abin da aka gama. Tana da ikon janyewa a kowane mataki, kuma kuɗin motarta na nan ko ta janye. Kada nas ɗin da ke duba ta ta zama mai roƙon ta shiga, don kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ga wadda ke ba ta magani ba. Ka ba ta mako guda. In tana son ta yi shawara da maigidanta, ita za ta yanke, ba kai za ka aika masa ba. 'Yan ƙasa da shekara 18 kuwa ka bar su a wannan karon.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin lafiyar mutum da zuwansa asibiti sirri ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsaurara wa. Izinin incaj ma bai wadatar ba. Ta nuna maka hanyar samun takarda daga hukumar kula da lafiya a matakin farko, ka gai da mai unguwa, ka zauna da kwamitin unguwa da ke kula da asibitin. In kuma mai ba da aikin yana nufin rubuta bincike da labaran, sai ya kawo amincewar kwamitin ɗa'ar bincike tukuna.

Zaman farko babu na'ura. A zauna a da'ira, kowa ta ba da labarinta cikin minti 10, ba mai katsewa, abin da aka ji a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Dole ka samu mace ta jagoranci zaman tare da kai, da kuma ma'aikaciyar da ta iya kwantar da hankali a kusa, don za a yi kuka. Kada ka ce “ba mu labarin rayuwarki”, za ka samu awa guda da ba ta tatuwa. Ka ce ta tuna rana ɗaya, wuri ɗaya, lokacin da wani abu ya canja. Rubutun kalma 250 zuwa 300 ne. Wadda ba ta rubutu, ka naɗa, ka kwafe a takarda, ka karanta mata, ita ta ce a cire nan a bar nan. Kada ka gyara mata Hausa ta koma irin ta masu karanta labarai. In da Berom ko Afizere ko turancin buroka zuciyarta ta fi buɗewa, ta yi da shi, ka sa fassara a ƙasan hoto.

Sauti shi ne rabin aikin, kuma nan ne kuke da sakaci. Mutum zai jure hoto mai duhu, amma ba zai jure muryar da ba ya ji ba. Ka sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, mai igiyar da ake jonawa da waya, ya zauna kamar taƙi ɗaya daga baki. Abokiyar aikinka ce za ta maƙala mata, kuma a wajen hijabi, don in ya shiga ciki yadin zai riƙa gogarsa ya lalata komai. Wayar a yanayin jirgin sama. Ka naɗa a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a saitin 48 kHz, murya tana kaiwa wajen -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, iyafis a kunnenka tun daga farko har ƙarshe. Ka nemi ɗaki mafi ƙanƙanta, ka rataya barguna biyu a bango don kashe amsa-kuwwa, ka kashe fanka, ka nisanci janareta. Ƙugin firjin rigakafi zai shiga naɗin, amma ko da wasa kada ka kashe shi, alluran yara ne a ciki, kai ne za ka canja ɗaki. Da damina ka yi naɗi da safe, don ruwan Jos in ya sauka a kan kwano babu manhajar da za ta cire shi. Ka lura da lokacin kiran salla. A ƙarshe kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 ka naɗi sautin ɗakin, da shi za ka cike gurbin da ka yanke.

Hoto 15 zuwa 20 sun isa, kowanne daƙiƙa 6 zuwa 8. Ka kashe alamar wuri a kyamarar wayar kafin ɗauka. Ka duba kowane hoto da idon ƙanwar miji: katin awo mai suna da lamba, allon asibiti, fuskar wata a layi, zobe, zanen lalle, atamfa, ƙofa. In labarin mai nauyi ne, ka gaya mata gaskiya cewa za a iya gane muryarta, ta zaɓa ko wata ta karanta a madadinta.

Yadda ake yanka da jera hoto a manhajar CapCut ko DaVinci Resolve ba zan ɓata lokaci a kai ba, duk yaron da ya yi wata uku a shagon nan ya sani. Kiɗa dai kada ka ɗora waƙar wani, akwai haƙƙin mallaka, kuma yawancin labaran nan sun fi ƙarfi da murya zalla. Fayil kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a filash, duka da kalmar sirri, da lamba a madadin suna. Ka kashe abin da ke tura hotuna Google Photos da kansa, ka goge na wayar da zarar ka kwafe. Katin memori na bogi ya cika kasuwa, ka cika shi da fayil ka gwada tun a gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai halin nan naku da na tsana: ɗaukar hoton kanku a wurin aiki kuna sa wa a sitatus don a san kun samu kwangila. Ranar da na ga bangon asibitin nan a sitatus ɗinka ko a TikTok, ka nemi wani ogan.

Nunin farko na matan ne kaɗai, ƙofa a rufe, kowace ta kalli nata, ta sake duba zaɓin da ta yi a takarda, ta karɓi kwafinta in tana so, bayan ka tambaye ta wa ke taɓa wayarta a gida. Ka rubuto takardun nan biyu ka kawo mini shago ranar Asabar bayan la'asar in duba, kafin ka koma wurin incaj.