Sha'awar ce zunubi ko aikatawa? Matsayin Kiristocin Ibanjelika

Ɗan'uwa, ka tambaya ko 'yan Ibanjelika (wani reshe na Kiristocin Furotesta) suna ɗaukar sha'awar jinsi ɗaya a matsayin zunubi, ko sai an aikata. A kan aikatawa yawancinsu bakinsu ɗaya ne: zunubi ne, domin aure tsakanin namiji da mace yake, suna kafa hujja da Farawa 2:24, Matiyu 19 da Romawa 1:26-27.

Inda suka rabu shi ne kan sha'awar da kuma sunan da mutum zai kira kansa. Wani ɓangare na cewa jaraba ba zunubi ba ce, don haka mai wannan sha'awa zai iya bayyana halinsa, ya kame kansa, ya zauna ba aure. Taron Revoice da aka fara a St. Louis ta Amurka a 2018 wannan layi ya bi. Wasu, musamman mabiya koyarwar Kalbin (John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko), suka ce a'a, karkatacciyar sha'awa ita ma daga faɗuwar Adamu ta fito, tana buƙatar tuba. Sanarwar Nashville ta 2017, wadda wasu shugabannin Ibanjelika suka fitar a Amurka, ta ƙi yarda Kirista ya ɗauki wannan sha'awa a matsayin sunansa. Sukan jawo 1 Korintiyawa 6:11, inda Bulus ya ce haka waɗansunku suke a dā.

Maganar "warkarwa" kuwa ta yi sanyi, kuma a ganina da dalili. Ƙungiyar Exodus International, wadda ta shafe shekaru tana alkawarin canza masu wannan sha'awa, ta rufe a 2013, shugabanta Alan Chambers ya nemi gafara. Akwai kuma 'yan tsiraru da ke cewa ayoyin ba su shafi auren jinsi ɗaya na yau ba.